Kambun Baffa Sambo

Ku samarin da kuke zama a bakin rumfata ranar kasuwa kuna latsa waya, ina jin abin da kuke faɗa. Wai harkar gwal ba ta da wuya: ka saya yana ƙasa, ka ajiye, ka sayar yana sama, ka tsufa kana shan inuwa. Ɗayanku har ya nuna mini wani zane a waya mai hawa kamar tsani, ya ce farashin ke nan. To, madalla. Ni na haura shekara arba'in ina hura wa ƙarfen nan wuta a Sabon Birni, kuma ban taɓa ganin wanda ya ajiye shi ya samu kwanciyar hankali ba. Ku gyara zama.

Aikin farko da aka ba ni a Maraɗi, wajen maigidana Malam Illo, shara ce. Ubana maƙerin baƙi ne, mai garma da kalme. Da ya ga masaba tana rinjayata sai ya ce a kai ni wajen maƙeran fari, inda ake aikin mata. Shekara biyu ina share ƙasan rumfa ina tara ƙurar a kwano, don a rumfar zinari ba a zubar da shara. Ƙarshen wata a wanke ta da ruwa, abin da ya kwanta a gindin kwano shi ne ribar maigida. Ranar da na manta na watsa sharar waje, Malam Illo bai ɗaga mini murya ba. Ya sa na kwashe jujin ƙofar gidan kaf da hannuna, na wanke shi kwano-kwano, yana zaune yana shan shayi. Sai a shekara ta uku ya bar ni na taɓa zugazugi.

Kayan aikin ba su da yawa, ga su nan kuna gani. Baƙin dutsen gwaji, da kwalbar ruwan gwaji da ta cinye mini fatar yatsu, da awartaki, da 'yar tukunyar narki, da gawayin ƙirya, don shi ne mai riƙe wuta. Sikelinku mai batir yana faɗin nauyi, amma ba ya faɗin gaskiya. Na sha ganin tagulla da aka yi wa wanka ta hau sikeli tana ƙyalli, mai ita yana rantsuwa daga Makka aka kawo. A goga a dutse, a ɗiga ruwa, sai zanen ya ɓace, mai rantsuwa ya kama sosa ƙeya.

Masu zuwa wurina a da mata ne. Mace ta kwashe adashi ta sayi 'yan kunne, in ciwo ya zo ko biki ta dawo da su. Su sun daɗe da sanin abin da kuke gani sabo a waya. Namiji kuwa a ƙasar nan bankinsa mai ƙafa huɗu ne. Bagobiri ya sayi sa ya ba Bafillace kiwo, Bafillace ya tsufa a gindin garkensa, 'ya'ya na kiwo, shi yana shan nono. Ba wanda ya taɓa tunanin za a wayi gari saniya ta zama abin da ke jawo wa mai ita mutuwa.

Shekarar da mutanen daji suka matsa mana, na yi wata uku ban hura wa zinari wuta ba. Mata suka tuɓe kunnuwansu, amare suka koma sa roba. Wanda aka gani a rumfata sau biyu sai a ce yana da shi, kuma ba ka san wanda zai kai labarin ba, mai yiwuwa wanda kuka yi sahu ɗaya da shi a masallaci ne. Na cire allon da ke bakin rumfa, na koma zuba ludayi da cokulan dalma, ni da na yi wa matan sarakuna sarƙa. Ko an yi sallama sai gabana ya faɗi.

A wannan shekarar Baffa Sambo ya zo. Bafillace ne na wajen Kurawa, dogo, ya girme ni da kamar shekara goma, na san shi tun ina yi wa matarsa Inna Hajjo awarwaron azurfa. An kore masa fiye da rabin garke a rana ɗaya. Ya tsaya yana juya ludayi kamar mai ciniki har mutane suka ragu, sannan ya tsuguna.

Ya ce, "Maƙeri, na sai da shanun da sunka rage. Gwiwa ta ƙiya, ba ni iya gudu da bisashe yanzu. Kuɗɗin ga na takarda kuwa, abin da yas sai man sa bara, bana ko maraƙi ba shi saye. Ka maishe man su zinari."

Na ce, "Baffa, zinari fa ba shi haihuwa, ba shi ba da nono. Zakka tana cin shi duk shekara. Wata shekara ma shi hwaɗi."

Ya ce, "Ba shi haihuwa, amma ba shi kuka ɓarawo shi jiya."

Na dai hana shi sayen sarƙa, don wanda ya sayi sarƙa ya biya kuɗin aiki, ranar sayarwa kuwa ba mai mayar masa. Mai ajiyar tsufa ba ado yake nema ba, abin da zai riƙa gutsura yake nema. Na je Sakkwato da kuɗinsa ɗaure a cikin buhun barkono. Na narka abin da na sayo, na zuba shi ƙwaya bakwai, kowace kamar ƙwayar gyaɗa. Shi ya ce bakwai.

Ya ce, "Kowace guda shekara guda ta. Hatsi da magani da tuhwa, ni da tsohuwa. In Allah ya ƙara man kwana bisa bakwai, shi yas san inda za shi hiddo man."

Saura wurin ajiya. A bukka wuta, a rami ruwa, a aljihu masu tare hanya. Nan na kawo dabarar da na yi ta jin daɗinta a lokacin, har ina ganin ba maƙerin da ya kai ni. Na naɗe kowace ƙwaya a takarda, na ɗaure da zare kamar laya, na kai wa wani baduku a Isa, na ce dalma ce ta maganin bindiga. Ya ɗinke su a jan fata, ya yi kambu guda. Na goga masa man shanu da toka har ya zama kamar na gado. Wane ɓarawo ne zai kwance wa tsohon Bafillace kambu? Su kansu tsoronsa suke ji.

Da zai ɗaura a damtse na ce ya gaya wa mutum ɗaya a gidansa, ko Inna Hajjo, ko babban ɗansa. Ya girgiza kai. Ɗan Fulani dama ba ya faɗin yawan shanunsa, balle wannan. Amma dalilin da ya ba ni ya fi wannan nauyi.

Ya ce, "In sunka kama wancan yaron, abin da bai sani ba ko an aza mai bindiga ba shi hwaɗinai. Kai kaɗai kas sani, Kaɗo. Ka riƙe amana."

Wancan yaron shi ne Manu, ɗan farinsa, don ba ya kiran sunansa. Manu ba yaro ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya uku. Ya yi karatu a Sakkwato ya dawo da gemu, shi ke jan su salla, kuma ba abin da ya tsana kamar laya da guru. Na san haka sarai. Na taɓa jinsa da kunnena a kasuwa yana ce wa wani mahauci abin da ke wuyansa shirka ce. Amma ranar nan ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba. Garin neman gira na kusa rasa wa mutum ido, kuma laifin nawa ne.

Wata biyar bayan haka, ana dab da faɗuwar damina, Inna Hajjo ta zo rumfata ranar kasuwa. Ta kwance bakin zane ta fito da awarwaron azurfar nan da na ƙera mata tun tana da ƙuruciya, ta ce in saya. Na tambayi lafiya. Ta ce maigidan ya faɗi yana alwala, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, ba ya magana. Sun baro ruga sun sauka a gidan Nomau, wani manomi a Kurawa da suka daɗe suna zauna masa a gona da rani. Magani ake nema, ba abin saye.

Na ce, "Inna, kambun da ke damtsenai fa?"

Ta ce, "Wane? Jan nan? Ai Manu ya tuɓe mai su duka, da layun wuya da gurun ƙugu. Ya ce kada mutuwa ta ishe shi da su. Ya ƙone su bayan gida, yau kwana ashirin. Tsohon ya yi ta gurnani yana hawaye, munka ce zahin ciwo na."

Ludayin da ke hannuna ya faɗi. Na ba ta kuɗin magani, na ce ta mayar da awarwaronta, za ni zo duba shi gobe. Ban gaya mata komai ba, don akwai mutum biyu a tsaye suna taya cokali.

Abin da ya riƙe ni shi ne na san ƙarfen. Wutar kara ba ta narka zinari. Fata za ta ƙone, takarda ta ƙone, ƙwayoyin su yi baƙi su faɗa toka. Tambayar ita ce ina tokar.

Da safe na hau bayan wani mai babur. Duk wanda muka haɗu da shi sai mu tsaya mu tambayi hanya, shi ma ya tambaye mu. Mun wuce ƙauyuka biyu da ba kowa sai kaji. Kowane kurmi muka doso sai na ji bayana yana sanyi. Ga hadari kuma ya fara leƙowa daga gabas, wanda a wata shekarar da murna za ni yi.

Na sami Baffa Sambo a kwance a zaure, ya rame. Da ya gan ni sai ya ɗaga hannun da ke motsi ya dafa damtsensa, ya zuba mini ido. Na sunkuya na ce masa a kunne, "Baffa, za ni karya amana. Ka gahwarta man." Ya lumshe ido. Na ɗauka izini ne, har yau ban sani ba.

Na ja Manu can gindin wata aduwa inda ba kowa, na gaya masa. Da farko ya yi dariya. Da ya ga ban yi ba sai ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Baba, kana nuhin shanunmu duka nis sa ma wuta?"

Na ce, "Wuta ba ta ci su ba. Ina tokar?"

Ya kai ni bayan gida. Wurin fes, an share. Matan gidan sun kwashe tokar sun zuba a juji, inda ake tara sharar turken awaki. Jujin kuma Nomau ya kwashe shi da jakuna a mangala, ya kai gonarsa tun kwana goma, an jera shi tuli-tuli ana jiran ruwa. Muka je muka tsaya a bakin gonar. Tulin taki ya fi gaban ƙirga, kowane cike da kashin awaki, baƙi, mulmulalle, daidai girman ƙwayar gyaɗa. Manu ya dafe kai da hannu biyu.

Ku da kuke cewa abu ne mai sauƙi, me za ku yi? Da ruwa da ƙwarya, yini ɗaya ya ishe ni, aikin da na koya tun ina yaro ne. Amma a ƙasar nan, a ga mutum biyu suna wanke ƙasa a ƙwarya cikin gona, kafin la'asar labari ya kai daji cewa gwal ya fito a Kurawa. Ba mu kaɗai za a ɗauka ba, har Nomau da iyalinsa. Shi kansa Nomau mutumin kirki ne, amma yana da surukai, surukansa suna da baki, kuma baki shi ke yanka wuya. Dole a nemi abin da za a gaya wa mutane.

Manu ne ya samo shi, kuma a nan na san namiji ne. Ya je ya sami Nomau a gaban jama'a a ƙofar masallaci, ya ce ya yi kuskure. Layun da ya ƙona akwai ayoyi a ciki, bai kamata guntayensu su kwanta cikin kashin dabba ba, yana roƙon a bar shi ya tsince. Ni kuma aka ce abokin tsohon ne, na zo taya shi. Mutanen da ya shekara yana yi wa wa'azi suka samu abin da suke so.

Wani ya ce, "Malam Manu, ashe layar tana da ƙarhi, tun da ta kai ka tsugune!"

Wani ya ce, "Ka dibi da kyau, halan ka ishe aljanin tsohonka ciki."

Muka shiga gona da rariyar kara. A tankaɗe tuli, ƙasa da toka su zube, abin da ya rage a bi shi ɗaya-ɗaya da yatsa. Kashin akuya yana murƙushewa, tsakuwa tana da kaifi, zinari kuwa sai ka ji ya danne maka tafin hannu. Ido ba ya aiki a nan. Rana tana dukanmu, muna tsugune, duk ƙarar babur da muka ji sai mu ɗaga kai. Yara suka zo kallo, suka gaji suka tafi.

Yinin farko ba mu sami komai ba. Manu bai ci abinci ba. Rana ta biyu da hantsi na ji abu ya yi mini nauyi a hannu. Na jefa a baki na tura shi kunci, da kashin akuyar da komai, don akwai wata mata da ke wucewa da itace. A tulin nan muka sami uku. Da yamma Manu ya sami ɗaya. Rana ta uku da azahar aka sami ta biyar, can wani tuli a ƙarshen gona, abin da ya nuna mana tokar ta rarrabu, sauran biyun suna iya zama ko'ina.

Kafin la'asar iska ta taso. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Muka riƙa tankaɗe kamar mahaukata, ƙasa na shiga mana ido. Sai ruwa ya sauko, irin na farkon damina mai ƙarfi, ya baje tulin, ya mai da gonar taɓo. A gari kowa na murna, mata na guɗa, mu biyu muna tsaye a tsakiyar gona ruwa na dukanmu. Washegari Nomau ya fito da iri da iyalinsa. Wa zai ce wa manomi kada ya yi shuka?

Manu ya zuba wa ubansa biyar ɗin a tafin hannu. Tsohon ya bi su da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi. Sannan ya bar hannun a buɗe yana jira. Manu ya tashi ya fita.

Tun daga ranar ba na yi wa kowa irin wannan aiki sai ya zo da mutum na biyu. In ya ƙi, ga hanya nan. Wasu sun yi fushi sun tafi Maraɗi, Allah ya raka taki gona.

Za ku ce ai gwal ya tashi tun lokacin, tsohon ya ci riba. Ya tashi, ban musa ba. Hatsi ma ya tashi, magani ya fi su duka gudu. Manu kuma ba ya wasa da zakka, duk shekarar da ta wajaba sai ya sa na yanko an fitar. Ƙwaya guda ba ta taɓa wuce shekara guda ba, yadda tsohon ya auna tun farko. Bara muka sayar da ta huɗu. Saura ɗaya.

Baffa Sambo yana nan da ransa. Bakin bai dawo ba, amma yana zama, yana gane mutane. Manu kuwa, ɗan Fulanin da bai taɓa riƙe kalme ba, ya zama ɗan ƙodagon Nomau. Kowace damina shi ke noman gonar nan, daga noman firi har maimai, kansa a ƙasa. Nomau yana yabonsa a gari, wai bai taɓa ganin mai noma a tsanake irinsa ba, ko tsakuwa ba ya wucewa sai ya ɗauka ya duba.

Kasuwar da ta wuce ya zo. Ya jira kuka tashi, ya tsuguna, ya kwance wani ƙyalle. Wani ɗan dunƙule ne mai ruwan ɗorawa, ƙasa ta cinye shi. Tun kafin in taɓa na gane, amma na goga a dutse, na ɗiga ruwa, muka zuba ido tare har zanen ya ɓace. Guntun kwanson harsashi ne.

Ya ce, "Na sani, Baba. Na dai ce in kawo ka duba."

Na tambayi jikin tsohon.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Jiya ya ci tuwo har ya nemi ƙari. Likita ya ce zuciyatai lahiya lau, awa ta saurayi."

Na ce madalla. Shi ma ya ce madalla. Ba wanda ya dubi wani a cikinmu. Ya naɗe ƙyallensa, ya miƙe, ya kai bakin rumfa, sai ya dawo ya sake tsugunawa.

Ya ce, "Baba, ta ƙarshen ga, ana iya raba ta biyu?"

Na ce ana iyawa.

Ya dubi sikeli. Can ya ce, "To, in niz zo da ita, ka raba ta huɗu."